Daga Ganyen Wake zuwa Kwamfuta: Yadda Ake Binciken Kunnawa da Kashe Ƙwayoyin Gadon Shuka da Dogon Karatu

Saiwar rogo da ganyensa kundin gado guda suke ɗauke da shi, harafi da harafi, amma saiwa ta cika da sitaci, ganye kuwa ya yi kore shar yana kamun hasken rana. Bambancin yana wurin wace ƙwayar gado aka kunna, wacce aka rufe, a wane sashe na shuka, kuma a wane lokaci. Wannan bayani na ɗalibanmu ne da ke ɗakunan gwaji a Akoka, Ojo da Yaba, da duk wanda na'urar MinION, ƙaramar na'urar karanta DNA ta kamfanin Oxford Nanopore, ta shigo hannunsa a nan Legas, ko ya sami hanyar aika samfuri inda ake da na'urar karatu ta PacBio.

Wanda ya yi makarantar allo zai fi saurin ganewa. Jerin haruffan DNA, wato A, C, G da T, su ne babbaƙu. A kan wasu haruffan C kuma shuka tana ɗora wani ɗan ƙulli da ake kira metil, kamar yadda ake ɗora wasali a kan baƙi. Baƙin yana nan yadda yake, karatun ne ya sauya. A jikin ɗan Adam galibi sai C ɗin da G ke bin sa ake yi wa wannan alama. Shuka kuwa a mazauni uku take yi: CG, CHG da CHH, inda H ke tsaye a madadin A, C ko T. Kowane mazauni da ma'aikacinsa. Enzayim MET1 ke kula da CG, CMT3 ke kula da CHG, sannan CMT2 da DRM2 ke kula da CHH, shi DRM2 ƙananan RNA masu haruffa 24 ne ke nuna masa hanya. Ma'anarsu ma ba ɗaya ba ce. Idan ka ga CG kaɗai a tsakiyar ƙwayar gado, sau da yawa tana aiki lafiya lau. Idan ka ga duka ukun sun taru, yawanci ɗaure wani ɗan ƙaura aka yi, wato irin guntayen DNA masu tashi daga wuri zuwa wuri waɗanda Barbara McClintock ta gano a masara, har aka ba ta lambar Nobel a 1983.

Waɗannan 'yan ƙaura su ne dalilin da gajeren karatu ke gazawa. Kusan kashi 85 cikin 100 na kundin masara su ne, kuma sun yi kama da juna. Guntu mai haruffa 150 irin na na'urar Illumina idan ya faɗa cikinsu, kwamfuta ba ta san gidansa ba, sai ta watsar da shi ko ta ajiye shi inda ba nan ba. Alhali makunnin ƙwayar gado kan zauna nesa da ita a cikin wannan dajin. Wanda ke zuga tb1, ƙwayar da ta hana masara yawan rassa, ɗan ƙaura ne mai suna Hopscotch da ke zaune kimanin haruffa 60,000 gabanta. Dogon karatu yana ratsa irin wannan wuri a zare guda. Na'urar Oxford Nanopore tana zura zaren DNA ta wata 'yar kafa tana auna sauyin wutar lantarki, don haka da baƙin da wasalinsa tare take jin su. PacBio HiFi yana ba da zare mai haruffa 15,000 zuwa 20,000, da daidaito kusan kashi 99.9. Sai dai metil ɗin da PacBio ke karantawa a kan C na mazaunin CG ne kawai. Mai neman CHG da CHH ya nufi Nanopore.

Lissafi kafin sayen komai

Ɗauki misalin wake, tambayar kuma ita ce: me ke sauyawa a ganye idan an hana shi ruwa? Kundin wake kimanin haruffa miliyan 640 ne a kuromozom 11, kuma an wallafa haɗaɗɗen kundinsa a 2019 daga irin IT97K-499-35 na cibiyar IITA da ke Ibadan. Idan da wannan irin za ka yi aiki, ka huta da gina kundi. Idan wani iri ne na gargajiya da aka kawo daga Dawanau ko aka saya a Mil 12, to kada ka jingina da kundin wani. 'Yan ƙaura ba wuri ɗaya suke zama a iri biyu ba, kuma abin da kake nema yana iya kasancewa a gurbin da kundin da aka wallafa bai da shi sam. Wanda aka auno a kasuwa ma gauraye ne, sai ka shuka ƙwaya ɗaya, ka tara 'ya'yanta, ka yi aiki da zuriyarta.

Gina kundi yana son ninki 30, ma'ana a karanta kowane harafi sau 30 a matsakaici. A wake haruffa biliyan 19 ke nan, a rogo mai miliyan 750 biliyan 22 da rabi, a masara mai biliyan 2.3 kusan biliyan 70. Gwajin metil kuwa a kan kowane samfuri ake lissafi. Rukuni biyu, mai ruwa da mai ƙishi, kowanne da maimaici uku, kowanne ninki 20: shida sau 20 sau miliyan 640, kusan biliyan 77. Farantin karatu na MinION, da DNA ɗin shuka, sau da yawa biliyan 10 zuwa 20 yake bayarwa a aikace, komai abin da takardar talla ta ce. To ka ga faranti huɗu zuwa takwas kake magana, ko guda ɗaya zuwa biyu na babbar na'urar PromethION. Idan kuɗi sun gaza, rage ninki, kada ka rage maimaici. Samfuri shida a ninki 12 sun fi biyu a ninki 40 amfani nesa ba kusa ba, domin da tukunya ɗaya a kowane rukuni ba ka da yadda za ka raba tasirin ƙishi da bambancin da ke tsakanin tukunya da tukunya.

A wurin tsinkar ganye ake ci ko faɗuwa

Ruwan Legas ba ya sallama, don haka gwajin ƙishi sai a ƙarƙashin rufi. Auna nauyin kowace tukunya kullum, domin da ma'auni ake sanin yawan ruwan da ya rage a ƙasa. Cakuɗa jeren tukwanen, kada masu ƙishi su taru gefen da rana ke duka.

Ranar tsinka, ɗauki ganye mai tsufa iri ɗaya daga kowace shuka, misali ganye na uku da ya gama buɗewa, a sa'a ɗaya ta yini, ka gama duka cikin minti 30. Dubban ƙwayoyin gadon shuka suna hawa da sauka da agogon yini. Wanda ya tsinki masu ruwa da hantsi, masu ƙishi da la'asar, agogo ya auna. Ganye yana barin jikin shuka ya faɗa ruwan naitirojin nan take, a gindin tukunyar. Kada a sa shi a leda a ce sai an isa ɗakin gwaji. Rauni kaɗai yana kunna ƙwayoyin gado cikin mintuna, balle a zauna da shi awa biyu a cunkoson gadar Third Mainland. Ganyen da aka busar da yashin silika yana yi wa ƙananan gwaje-gwajen PCR, dabarar ninka kwafin DNA, amma zarensa ya kakkarye, RNA ɗinsa kuma ya tafi.

Akwai shawarar da za ka gani a kusan kowace takardar hakar DNA mai tsawo: a ajiye shuka cikin duhu awa 24 zuwa 48 don sitaci ya ragu. Gaskiya ce, amma ga shukar da za a gina kundi da ita kaɗai. Shukar gwaji idan ka kulle ta a duhu ka sauya ainihin abin da ka zo aunawa.

Daka ganyen kowace shuka sau ɗaya, ka raba garin biyu, rabi na DNA, rabi na RNA. Ta haka metil da aikin ƙwayar gado daga nama ɗaya suka fito, kwatanta su ya halatta. Ajiya a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili. Inda wuta ba ta da tabbas, tulun naitirojin da ake ƙara wa ruwa a kan kari ya fi firizar da ke narkewa tana sake daskarewa.

Hako zare ba tare da an tsinka shi ba

Sanyaya turmi da taɓarya da ruwan naitirojin tukuna. Giram ɗaya zuwa biyu na ganye, a daka har ya yi laushin garin tuwo, ana ƙara naitirojin kada ya narke. Idan garin ya fara yin duhu yana danƙo, ya narke, enzayim masu yanka DNA sun farka.

Abokan gaba biyu ne a ganye: yauƙi da folifenol. Yauƙin irin na kuɓewa ne, yana bin DNA har ƙarshe ya toshe kafofin faranti. Folifenol kuwa shi ke sa doya ta yi ja idan an fere ta an bari, kuma idan ya kama DNA ba ya saki. Maganin farko wanki da ruwan sobitol mai sanyi: sobitol mola 0.35, Tris milimola 100 a pH 8, EDTA milimola 5, PVP kashi 1, da markaptoyitanol kashi 1 da ake zubawa a lokacin. A gauraya, a juya a inji, a zubar da ruwan sama, a maimaita har ruwan ya daina ja kamar miya. Wake sau ɗaya ko biyu ya isa, rogo da doya kan nemi uku.

Daga nan sai ruwan CTAB: kashi 2, Tris milimola 100, EDTA milimola 20, gishiri mola 1.4, PVP kashi 1 zuwa 2. Mililita 10 ga kowane giram, a digiri 60 na minti 45, ana kifa kwalbar a hankali duk bayan minti 10. Zuba RNase, enzayim mai narkar da RNA. Sannan kulorofom da aisowamil, 24 bisa 1, daidai yawan ruwan, sau biyu, a ƙarƙashin akwatin zuƙe iska domin tururinsa yana cutar da hanta. Kwashe ruwan sama ba tare da taɓa farar fatar tsakiya ba. Gara ka bar kashi ɗaya cikin biyar a baya da ka ɗebo datti. Zuba aisofurofanol kashi 70 cikin 100 na yawan ruwan, a zafin ɗaki. Sa shi a firiza kwana guda yana ƙara yawan abin da ya kwanta, amma da yauƙi da gishiri yake kwantawa. Idan zaren ya bayyana fari kamar auduga, naɗo shi da ƙugiyar gilashi, ka wanke sau biyu da itanol kashi 70, ka bar shi ya sha iska 'yan mintuna. Kada ya bushe ƙarau, domin dogon zare idan ya bushe ba ya narkewa da daɗi. Zuba ruwan Tris, ka bar shi a firij ya kwana.

Duk tsawon aikin nan babu injin girgiza, babu zuƙa da ƙarfi. Yi amfani da bakin fifet mai faɗi, ko ka datse na kullum da almakashi mai tsabta.

Awo uku ne. NanoDrop don tsabta: 260 bisa 280 ya faɗa tsakanin 1.8 da 2.0, 260 bisa 230 tsakanin 2.0 da 2.2. Idan na biyun ya yi ƙasa da 1.8, akwai sauran yauƙi ko CTAB, a sake wankewa. Qubit don yawa. Idan NanoDrop ya nuna ninki biyu na abin da Qubit ya nuna, RNA ko datti ke ruɗarsa, Qubit za ka gaskata. Na uku tsawo, a jel mai agaros kashi 0.5 ko a TapeStation. Ɗauki awo daga sama, tsakiya da ƙasan kwalba, domin dogon zare ba ya bazuwa daidai.

Doka ɗaya ba ta da sassauci: babu PCR a hanyar DNA ɗin da za a karanta metil ɗinsa. Kwafin da PCR ke yi babbaƙu ne zalla. Duk kayan haɗi, wato na shirya DNA don karatu, da ke da matakin ninkawa, komai sauƙinsa, ba na wannan aikin ba ne.

Faranti, sanyi da wuta

Farantin R10.4.1 a firij yake zama, digiri 2 zuwa 8, ba a daskarar da shi. Kayan haɗi na SQK-LSK114 kuwa a firiza, digiri 20 ƙasa da sifili. Shirya takardun kwastan tun kafin kaya su sauka a filin jirgin Murtala Muhammed, domin kwana uku a sito mai zafi sun isa su rage kafofi. Yana isowa ka gwada shi a MinKNOW, manhajar da ke tafiyar da na'urar. Kamfanin ya lamunci aƙalla kafa 800 a farantin MinION, kuma sai ka gwada kafin ka zuba samfuri kake da bakin magana.

Haɗin yana farawa da maikurogiram ɗaya na DNA. A gyara bakin zaren da enzayim na NEBNext, minti 5 a digiri 20, minti 5 a digiri 65, a liƙa mahaɗi, a wanke da ƙwayoyin maganaɗisu na AMPure XP da ruwan wankin dogon zare. Ga zaren da ya wuce haruffa 10,000, kimanin nanogiram 300 ake ɗorawa. Don haɗa samfura shida a faranti ɗaya akwai SQK-NBD114.24, nanogiram 400 daga kowanne, wanda ke sa wa kowane samfuri lamba ba tare da PCR ba. Haɗa duka shidan a kowane faranti. Idan masu ƙishi suka hau faranti ɗaya, masu ruwa suka hau wani, bambancin faranti zai shigo da rigar bambancin ƙishi.

Abin da ya kan ba sabon shiga mamaki: don aikin metil, yanka zaren kaɗan alheri ne. Zare mai tsawon gaske yana toshe kafofi, kuma a nauyi ɗaya bakunansa kaɗan ne, kafofi da yawa sai su zauna banza. Zura shi ta g-TUBE ko allura mai lamba 26 ya dawo haruffa 20,000 zuwa 30,000, sai amfanin faranti ya ƙaru. Wannan tsawon ya isa ratsa yawancin 'yan ƙaura.

Wurin zubawa, kumfar iska ce babbar masifa. Duk kafar da iska ta taɓa ta mutu, ba ta dawowa. Karatu kan kai awa 72, a ɗakin da bai wuce digiri 25 ba. A Legas wannan na nufin na'urar sanyaya ɗaki da inbata ko UPS da zai riƙe kwamfuta tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta. Kashe barcin kwamfuta da sabunta kanta. Bayan awa 20 zuwa 24 idan ka ga kafofi sun toshe da yawa, dakatar, ka wanke da EXP-WSH004, ka zuba sabon haɗi. Saboda haka tun farko ka yi haɗin da zai isa zubi biyu ko uku.

Ajiye ɗanyen fayil na POD5, mai ɗauke da siginar lantarki. Kowane haruffa biliyan ɗaya yana cin kusan gigabait 7, wato gwajin waken nan ya haura gigabait 500. Faifai biyu, a gini biyu. Manhajojin fassara suna inganta, kuma da ɗanyen fayil kaɗai za ka sake fassarawa.

Karanta wasalin

Dorado ne ke mayar da siginar lantarki haruffa, da katin GPU na NVIDIA, a matakin sup, mafi daidaito. A nan mutane da yawa ke zamewa. Zaɓin 5mCG_5hmCG na aikin ɗan Adam ne, CG kaɗai yake gani. Na shuka shi ne 5mC_5hmC, mai duba kowane C. Bayanin metil yana cikin alamomi biyu na fayil ɗin BAM, MM da ML. Idan ka mayar da fayil FASTQ ba tare da ka ce wa samtools -T MM,ML ba, ko ka jera da minimap2 babu -y, alamomin sun zube, kuma ba za a yi maka gargaɗi ba. Dorado aligner yana riƙe su da kansa. Bayan jeri, modkit pileup zai ƙirga, ka ba shi CG, CHG da CHH kowanne daban. Kada ka taɓa haɗa ukun a adadi guda.

Kafin ka gaskata komai, dubi kuloroplas, ɓangaren sel mai kama hasken rana. DNA ɗinsa ba ya ɗauke da metil na a-zo-a-gani, kuma yana cike a kowane samfurin ganye, kyauta. Duk metil ɗin da manhaja ta ce ta gani a can, kuskurenta ne. Wannan ya fi muhimmanci ga CHH, domin matakinsa ƙasa yake sosai. A Arabidopsis, shukar da aka fi nazari, an auna kusan kashi 24 a CG, 6.7 a CHG, 1.7 kacal a CHH. Idan kuskuren manhajarka a kuloroplas ya kai kashi 2, to ƙaramin bambancin CHH da ka gani ba abin kafa hujja ba ne. Ka lura kuma cewa akwai guntayen DNA na kuloroplas da suka koma cikin kuromozom suka sami metil, don haka yi wannan awon da dogayen zarurruka da suka kwanta a kundin kuloroplas daga kai har wutsiya.

Wurin neman bambanci, kada ka bi C ɗaya-ɗaya. Raba kundi gida-gida, haruffa 100 ko 200, ka gwada da DSS, methylKit ko modkit dmr. Iyakar da aka saba amfani da ita ita ce bambancin kashi 40 a CG, 20 a CHG, 10 a CHH. Jefar da gidan da karatunsa bai kai goma ba a kowane samfuri. Sannan ka ɗora sakamakon a kan taswirar 'yan ƙaura da manhajar EDTA ta zana, ka buɗe manhajar IGV ka kalli zarurrukan da idonka. A can ne dogon karatu ke nuna abin da matsakaici ke ɓoyewa. Kashi 50 na iya nufin kowane zare rabinsa da metil, ko kuma rabin zarurrukan cike suke, rabi babu ko ɗaya. A rogo wannan na biyun ya zama ruwan dare, domin da itace ake dasa shi, kwafin uwa da na uba sun bambanta ƙwarai. Kira bambancin haruffa da Clair3, ka raba zarurruka gida biyu da WhatsHap, ka ƙirga metil na kowane gida daban.

RNA

Metil ba ya gaya maka ko ƙwayar gado tana aiki, RNA ke faɗa. A nama mai sitaci ko yauƙi TRIzol kan ba da kunya, hanyar CTAB da litiyam kulorayid ta fi. Lambar RIN, ma'aunin lafiyar RNA, ta kai 7, amma kalli zanen da kanka, domin RNA na kuloroplas yana ƙara tsaunuka a ganye ya rage lambar ba tare da samfurin ya lalace ba.

SQK-RNA004 yana karanta RNA kai tsaye, daga nanogiram 300 na mai wutsiyar A ko maikurogiram ɗaya na gaba ɗaya. Yana nuna inda saƙo, wato kwafin RNA na ƙwayar gado, ya ƙare, tsawon wutsiya, da alamar m6A, wato metil a kan A. Daga wutsiya yake farawa, kuma haruffa goma da 'yan kai na kan saƙon ba sa fitowa. Karyayyen saƙo kuma kama yake da sabon gajeren nau'i, shi ya sa bayan manhajar IsoQuant ko Bambu dole a tace da SQANTI3. A minimap2 sa -ax splice -uf -k14, ka rage -G, domin iyakarsa ta asali haruffa 200,000 ce, ta yi wa wake yawa, har takan ɗinke maƙwabtan ƙwayoyin gado biyu su zama ɗaya. Hanya mafi araha ita ce dogon karatu ya zana nau'o'in saƙo, Illumina ya ƙirga su da karatu miliyan 20 zuwa 30 a kowane samfuri. Ƙananan RNA masu haruffa 24 ma aikin Illumina ne.

Inda zare ya kwance

A cikin cibiyar sel DNA naɗe yake a kan sunadaran histon kamar zare a kwarkwaron masaƙa, haruffa 147 a kowane naɗi. Makunni yana inda zaren ya kwance. Dabarar Fiber-seq, da aka wallafa a 2020, tana shafa wa buɗaɗɗun wurare alama: a ware cibiyoyi daga ɗanyen nama da ruwa mai Triton X-100 kashi 0.25 zuwa 0.5, a tace, a ƙirga, a zuba enzayim Hia5 da SAM, sinadarin da ke ba da metil, milimola 0.8, minti 10 a digiri 25, a tsayar da SDS. Enzayim ɗin yana ɗora metil a kan duk A ɗin da ya iya kaiwa. Cibiyar wake tana da DNA kusan fikogiram 1.3, miliyan ɗaya maikurogiram 1.3 ke nan, kuma rabi kan ɓace a wanki, don haka fara da miliyan uku zuwa biyar. SAM ba ya jure narkewa da daskarewa, raba shi ƙananan kwalabe. Ajiye abin kwatance biyu, cibiyoyin da ba a sa wa enzayim ba, da tsiraicin DNA da aka sa wa. Idan aiki ya yi, za ka ga gibin alama mai kusan haruffa 147 yana maimaituwa a jikin zare.

Guji dabarun da ke amfani da M.CviPI, mai ɗora metil a kan C na GC. A dabbobi suna aiki, a shuka kuwa alamar tana cakuɗewa da CHG da CHH na asali.

Kafin ka ce ka gano dalili

Labari biyu na amfanin gonarmu sun isa jan kunne. Kwakwar manja da aka ninka a kwalba wani lokaci takan haifi 'ya'ya marasa mai. A 2015 masu bincike na Maleshiya suka nuna cewa wani ɗan ƙaura mai suna Karma, a cikin ƙwayar gadon da ke tsara fure, shi ya rasa metil ɗinsa, ɗinkin saƙon ya karkace. A nan wasali ne mai laifi. Rogo kuwa mai juriyar cutar mozayik ta CMD2 ya riƙa rasa juriyarsa idan an sake tsiro da shi daga ɗan tayi a kwalba, aka daɗe ana zargin metil. A 2022 aka danganta abin da sauyin harafi a ƙwayar MePOLD1, ita kuma shukar asali gauraye ce, wasu sel suna da sauyin, wasu babu. Alamar waje iri ɗaya, sanadi daban. Don haka duk wurin da metil ya bambanta, fara duba ko haruffan kansu sun bambanta, ko wani ɗan ƙaura ya shiga ko ya fita. Manhajar Sniffles za ta nuna maka wannan daga karatun da ke hannunka.

Zaɓi wurare biyar zuwa goma da metil, RNA da buɗewar zare suka yi magana ɗaya, ka tabbatar da su a sabbin shuke-shuke da ba su shiga gwajin farko ba. Aikin ƙwayar gado da RT-qPCR, metil da yankan McrBC, enzayim mai yanka DNA mai metil, sannan qPCR. Wurin da kake zaton makunni ne, ɗaura shi gaban lusifares, ƙwayar gado mai ba da haske, ka gwada a ganyen Nicotiana benthamiana. Idan za ka kai ga cire shi da CRISPR, nemi izinin NBMA, hukumar Nijeriya mai kula da halittun da aka sauya wa gado, kafin ka fara, kuma idan samfuri zai tsallake iyakar Nijeriya, a sa hannu a yarjejeniyar miƙa samfuri wadda ta fayyace wa ke da ɗanyen fayil.